Ƙusa A Randa Ba Ta Kashe Guba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a wayoyin mutane, daga Garwa zuwa Pitowa har ƙauyukan bakin Binuwai, kuma na gaji da ganinta. Wai masana a Turai sun gano cewa ƙarfe yana kashe duk wata guba da ke cikin ruwa. Wai in ka jefa ƙusoshi masu tsatsa a randa, ko ka cusa soson ƙarfe a jarka, ko ka zuba guntayen rodi a rijiya, to ka gama da maganin ƙwari, ka gama da sinadarin masana'anta, sai dai ka ɗebo ka sha. Wannan ya turo da murya, wancan ya turo da hoto, wani ya ƙara da cewa don Allah a yaɗa, sadaka ce mai gudana. Wace irin sadaka ce za ta kwantar da ɗan mutum a gadon asibiti?

Da ƙarya ce zalla, da ba ta kai haka ba. Abin da ya ba ta tsawon rai shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Ana amfani da ƙarfe wajen gyara gurɓataccen ruwan ƙarƙashin ƙasa, an fi shekara 30 ana yi, kuma ɗaya daga cikin masanan da suka fi yin rubutu a kan haka ɗan Kamaru ne. Sai dai tsakanin abin da su suke yi da abin da ake cewa mu yi a tsakar gida akwai tafiya mai nisa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, maganar ta zo ta ɗaure wa wata mummunar ɗabi'a gindi, wato sayen duro da jarkar da aka zuba sinadari a cikinsu ana tara ruwan sha.

Duk wanda ke shiga kasuwar Lahadi ta Pitowa ya san inda ake jibge jarkoki da durarruka, shuɗi da fari da rawaya. Wasu na man girki ne, irin su Diamaor, waɗannan babu laifi. Wasu kuwa an kankare takardar jikinsu, ba abin da ya rage sai tabon gam da gefen wani jan layi, ko rabin hoton ƙoƙon kan mutum. Ka buɗe murfi ka kai hanci, sai wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi ya buge ka har cikin kai. Ka ce wa mai kaya, "Malam, me aka zuba a wannan da?" Ya ce, "Haba Alhaji, an wanke shi da omo tas. In ma zuciyarka ba ta kwanta ba, ka cika shi ka jefa ƙusa biyu su kwana, shi ke nan." Mai kaya ba mugu ba ne, abin da ya ji a waya ya maimaita. Amma duron nan gida za shi, a ajiye shi a inuwa, yara su riƙa zura moɗa.

Sinadaran da ake magana a kansu ba sai mun yi dogon karatu ba. Ruwa-ruwa ne marasa launi, masu narkar da maiƙo da fenti da gam, an gina su da kulorin. Masu aikin firesin, wato wankin kaya ba da ruwa ba, suna ce wa nasu perkulo, a takarda PCE. Tsofaffin kanikawa sun san tirikulo, wato TCE, da ake wanke ƙarfen inji da shi. Akwai danginsu a wasu gwangwanayen feshin wanke birki da ruwan cire fenti. Can gefe kuma ga 'yan uwansu na gona, irin su Gamalin da endosulfan da aka daɗe ana fesa wa auduga kafin yarjejeniyar Stockholm ta sa endosulfan cikin jerin haramtattu a 2011.

Kada wani ya ji kulorin ya ce ashe javel ma guba ce, ya daina sawa a ruwa. Javel da ƙwayar Aquatabs, in an sa su daidai gwargwado, su ne ke tsare mu daga kwalara. Ba su ake nufi ba sam.

Muguntar perkulo da tirikulo a nauyinsu take. Fetur da baƙin mai in sun sami ruwa sai su taso sama, ido ya gan su. Waɗannan kuwa sun fi ruwa nauyi: litar tirikulo ta kusa kilo ɗaya da rabi, ta perkulo ta haura haka. In aka zubar da su a ƙasa sai su ratsa yashi, su ratsa ruwan rijiya, su nutse har sai sun tarar da laka ko dutsen da ba ya ratsuwa, su kwanta a can. Daga nan su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwan da ke wucewa, shekara da shekaru. A Amurka doka ba ta yarda ruwan sha ya wuce mikirogiram 5 a lita ba. Yi lissafi da kanka: lita ɗaya tak ta tirikulo ta isa ta ɓata ruwa lita miliyan 290 a wannan ma'auni. Kuma a wannan ƙanƙanta ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Mu kuma a nan zaune muke a kan dutsen yashi da rairayin kwarin Binuwai da Mayo Kebbi, ƙasar da ke shan duk abin da aka zuba mata, kuma daga cikinta rijiyoyinmu da forajinmu, wato rijiyoyin burtsatse, ke jawo ruwa.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan masifa sun ji a jikinsu. A sansanin sojan ruwa na Camp Lejeune da ke jihar North Carolina, daga 1953 zuwa 1987, sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha ruwa mai ɗauke da waɗannan sinadarai, kuma ɗaya daga cikin wuraren da gubar ta fito wani shagon firesin ne a bakin sansanin. Shago guda. Sai a 2022 aka yi dokar da ta ba su damar kai ƙara, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa tirikulo cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na ƙoda. Faransa ta hana aiki da perkulo a shagunan da ke manne da gidajen mutane, hanin ya kammala a 2022. A Disamban 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar haramta tirikulo. Abin da masu shi suka kora daga ƙasarsu, mu muke wanke duronsa da omo.

To ina ƙarfe ya shigo? A shekarun 1980, a Jami'ar Waterloo ta Kanada, wani ɗalibi mai suna Glenn Reynolds yana gwada wane irin bututu ya fi dacewa da rijiyoyin awo, sai aka lura sinadaran suna raguwa a ruwan da ya zauna tare da wasu ƙarafa. Malaminsa Robert Gillham ya bi diddigi. Aka gano cewa yayin da ƙarfe ke cin kansa cikin ruwa yana sakin ƙwayoyin lantarki, su kuma suna fizge kulorin daga jikin sinadarin ɗaya bayan ɗaya, har ya koma iska marar illa da ɗan gishiri. A 1991 suka gwada a sansanin soja na Borden a Ontario. Suka haƙa rami a kan hanyar da gurɓataccen ruwa ke bi a ƙarƙashin ƙasa, suka cika shi da tsakin ƙarfe kashi 22 da yashi kashi 78 cikin ɗari, ruwan ya riƙa ratsawa da kansa, ba inji ba lantarki. Wajen 1995 aka gina irin wannan katanga ta farko ta kasuwanci a Sunnyvale ta California. A 1996 aka yi wata a Elizabeth City ta North Carolina, tsawonta mita 46, zurfinta ya haura mita 7, kaurinta santimita 60, cike da ɗaruruwan tan na ƙarfe. Daga baya aka koma har ga garin ƙarfe mai laushin da ido ba ya gani, ana dama shi ana tura shi ƙasa da famfo.

Wannan ita ce gaskiyar da aka yanko gefenta aka yi mana fatawa da ita. Yanzu mu ɗauki ƙusar nan mu duba ta da kyau.

Masu saƙon sun nace wai mai tsatsa ake so, ita ce mai ƙarfi. A nan suka fara tafka kuskure. Tsatsa tokar ƙarfe ce: kamar yadda itacen da ya riga ya cinye ba zai dafa maka tuwo ba, haka ƙarfen da ya gama zama jar tsatsa ba shi da sauran lantarkin da zai bayar. Aikin yana faruwa ne a lokacin da ƙarfen ke cin kansa, tare da sabuwar tsatsa mai launin kore-kore da baƙi da ke fitowa inda babu iska. Shi ya sa katangun suke can ƙarƙashin ƙasa. A randar da ke buɗe, ana zura moɗa ana fitarwa, iskar da ke cikin ruwan ita ke fara wawure abin da ƙarfen ya saki, ta lulluɓe shi da jan ɓawo. Leƙa randar da aka yi wa haka bayan kwana biyu: ruwan ya yi ja-ja, wata yana mai ƙyalli ta kwanta a sama, gindin randa ya yi gari-gari, ɗanɗano ya koma na tsabar kuɗi. Uwargida ta gani ta ce ga dattin nan ya fito. Ba dattin ruwan ba ne, Hajiya, ƙusarki ce ta zube.

Sai batun yawa. Sinadarin ba ya lalacewa sai ya taɓa fatar ƙarfen. Ƙusa mai tsawon santimita 10, duk fatar jikinta ba ta wuce murabba'in santimita 13 ba, ba ta kai rabin kwalin ashana ba. Tsakin da ake zuba wa katanga kuwa, giram ɗaya nasa kan ba da fatar da ta kusa murabba'in mita guda, saboda kaushinsa da ramukansa, kuma ruwan yana matse ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin tsaki da tsaki. Kowace lita tana gogayya da fatar ƙarfe fiye da murabba'in mita dubu. Kai kuma ƙusa ɗaya ka jefa wa lita ashirin. Bambancin ya haura ninki miliyan goma. Abin da katanga ke yi cikin sa'o'i, ƙusarka sai ta nemi dubban shekaru, alhali kwana ɗaya aka ce ka ba ta. Kuma ko katangar Borden ɗin, da masana suka auna suka gina suka yi shekara biyar suna bibiya, kusan kashi 90 na tirikulo ta cire, da kashi 86 na perkulo. Ragowar da ya wuce ya fi ƙarfin a sha nesa ba kusa ba. Su da kansu ba su ɗebo sun sha ba, sun koma ne suka ƙara yawan ƙarfe a katangun da suka biyo baya.

Akwai wanda ya fi wannan ban tsoro, shi ne aikin da aka bari rabi. Fizge kulorin hawa-hawa ake yi, kuma wani ɓangare na tirikulo kan bi ta wani mataki da ake kira binil kulorayid. Wannan ya fi uwarsa mugunta, yana jawo wani irin dajin hanta, har ma'auninsa a dokar Amurka mikirogiram 2 ne kacal. Injiniya yana lissafa kaurin katanga ne don ruwan ya daɗe a ciki har wannan ɗan ma ya mutu kafin ya fito ta ɗaya gefen. Yana ɗaukar ruwan wurin ya kai ɗakin gwaji, ya ratsa shi ta bututu cike da irin ƙarfen da za a yi aiki da shi, ya auna saurin tafiyar ruwa a ƙasa, sannan ya yanke hukunci. Wanda ya cika bokiti da guntayen ƙarfe ya tsiyaye ruwa ta ciki, wa ya yi masa wannan lissafi? Sannan ba kowane sinadari ke jin maganar ƙarfe ba. Wanda ake yawan samu a ruwan cire fenti, dayikulorometen, kusan ko gezau ba ya yi.

Masu cewa to mu cika duro da ƙarfe zalla mu yi matata, su ma an riga su. A 1881 birnin Antwerp na Beljiyam ya tace ruwan kogi da wani ƙarfe mai ramuka kamar soso. Ruwa ya yi kyau, amma cikin 'yan shekaru matatar ta toshe ta dunƙule, dole aka sauya dabara zuwa wata ganga mai juyawa. Dalili kuwa, tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, ninki biyu har zuwa shida. Wannan batu ne Chicgoua Noubactep, ɗan Kamarun da ke Jami'ar Göttingen a Jamus, ya yi shekaru yana nanatawa. Shi a ganinsa babban aikin ma sabuwar tsatsa ke yi, tana kama datti tana binne shi a jikinta, kuma ya sha jayayya da sauran masana a kan haka. Shi da ɗalibansa sun gwada matatun gida da soson ƙarfe, har a Duwala. Amma ku ji sharaɗinsa: ƙarfen kada ya wuce wajen kashi ɗaya cikin huɗu, a gauraya shi da yashi sosai, a sa matatar yashi a gabansa ta rage iska, a san irin ƙarfen, a bar ruwa ya bi a hankali, a riƙa kai shi awo. Mutumin da ya fi kowa son ganin talakan Afirka ya tace ruwa da ƙarfe bai taɓa cewa a jefa ƙusa a randa ba. A Bangladash ma, matatar SONO da Abul Hussam ya ƙera, wadda ta ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2007, an yi ta ne don guba guda, arsenik, da wani ƙarfe da aka sarrafa musamman. A Nefal an yi wata da ƙusoshi kilo-kilo a kan yashi, kuma da aka bi gida-gida aka auna, an tarar a wurare da dama ba ta cire gubar yadda ake so.

Wane ƙarfe ma ake jefawa? Na bola. Ƙusar da aka zaro daga katakon da aka shafa wa maganin gara. Guntun ƙofa mai tsohon fenti, wanda galibi akwai dalma a ciki. Kwanon rufi da waya masu rufin tutiya. Ƙarfen inji da ya sha baƙin mai. Soson ƙarfe kuwa, wani da sabulu yake zuwa, wani da maiƙon masana'anta, wani kuma na silba ne da ba ya tsatsa ko kaɗan, wato ba abin da zai yi sai ya zauna yana tara ƙwayoyin cuta. An je cire guba ɗaya da ba a tabbatar tana nan ba, an zuba uku da hannu.

Ga kuma wadda ta fi kusa da kashe mutum a wannan makon, ba sai an jira shekara ashirin ba. Ƙarfe yana cinye javel. Ka sa Aquatabs a jarka yadda ma'aikatan lafiya suka koyar, sannan ka bi shi da soson ƙarfe don ƙarin tsaro, to ka kashe mai gadin da hannunka. Yankin da ya sha fama da kwalara, a 2010 da 2018 da sauran shekaru, bai kamata a yi masa wasa da wannan ba.

Duron kansa kuma ba ya wankuwa. Roba tana shan sinadari cikin jikinta, ta riƙa mayar da shi sannu a hankali, musamman a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Na ƙarfe kuma yana ɓoye ragowa a haɗin gindinsa da bakin murfi. Omo, toka, ruwan zafi, shanyawa a rana, duk wari suke ragewa, ba su taɓa abin da ya shige ciki ba.

Ba na cewa perkulo ne babbar matsalar ruwanmu. Masai kusa da rijiya, takin zamani, ambaliya irin ta 2012, fuloraid a wasu rijiyoyin wajen Marwa, duk suna nan, kowanne da ranar maganarsa.

Yanzu abin yi. Uwargida, ki fara daga tsakar gidanki. Duk duro ko jarkar da ba ki san abin da aka fara zubawa a ciki ba, ki fitar da ita daga harkar sha da girki da wankan jarirai da jiƙa hatsi. Wadda aka kankare takardarta, ki ɗauka an kankare ne don akwai abin ɓoyewa. Ki nemi ta man girki ko sabuwa fil, ko ki koma randar ƙasa ta iyayenmu mai murfi da moɗa guda a rataye. Araha ba ta ado, balle arahar da za a biya cikonta a asibiti. In akwai ƙusa ko soso a randarki yanzu, ki tsame, ki zubar da ruwan, ki wanke, ki sake cikawa. In ruwa ya yi gurɓi, ki sa alif ko dakakken ƙwallon zogale ya kwanta, ki tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan ki sa javel ko Aquatabs gwargwadon yadda aka rubuta, ki jira rabin sa'a. Amma ki sani duk wannan na laka ne da ƙwayoyin cuta, ba ya cire sinadari. Ruwan da ke warin fetur ko fenti ko maganin ƙwari, ba a gyara shi a gida, barin sa ake yi. Tafasawa tana korar wani ɓangare na perkulo da tirikulo, amma cikin iskar ɗaki take koro su, ku shaƙa ke da goyonki. Gawayin murhu kuma ba shi ne gawayin matata da masana'anta ke sarrafawa ba, kada a ruɗe ki da wannan ma.

Manomin auduga, kai ka fi kowa sanin jarkar magani. Tun kafuwar kamfanin auduga na Sodecoton a 1974 kakanninka da iyayenka ke fesawa. In ta ƙare, ka ɗauraye ta sau uku, kana juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi ya tafi gona. Sannan ka huda ta da wuƙa, gindi da gefe, yadda ko an tsince ta ba za ta riƙe ruwa ba. Ka tambayi malamin gona ko shugabannin ƙungiyarku inda ake tara su. Kada ka ba yaro ya kai kasuwa, kada ka zuba nono ko mai ko kunun zuwa gona a ciki, kada ka wanke famfo a bakin rijiya ko a rafi inda mata ke wanki shanu ke sha. Masu zuba magani a ruwa don kifi ya taso kuwa, ku ji tsoron Allah.

Bakanike da mai walda da mai fenti, ramin nan da ke bayan gareji inda ake tuttular da komai, shi ne bakin rijiyar maƙwabcinka. Ka sami duro guda mai murfi, ka rubuta a jikinsa, ka riƙa tara ruwan wankin ƙarfe a ciki, ka ajiye shi a kan daɓen siminti, a inuwa, nesa da magudana. Ka karanta jikin gwangwanin feshi kafin ka saya. In ka ga sunan da ke ɗauke da "chlor", ka nemi wani, akwai masu yawa da ba su da shi. Kada ka taɓa kai wutar walda kan ƙarfen da aka wanke da irin wannan bai bushe ba, ko ka yanka duronsa da wuta. Zafi yana mayar da shi fosjin, iskar da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma illarta kan ɓoye sa'o'i kafin ƙirji ya cika da ruwa. Yaran da iyayensu suka ba ka amana su koyi sana'a, ka daina sa su tsoma hannu tsirara a ciki, ka daina barin su suna cin abinci da hannun da bai ga sabulu ba.

Mai firesin, baƙin dagwalon da ke fitowa daga gindin injinka ba na kwata ba ne, ba na masai ba ne. Ka rufe shi a mazubi, ka nemi wanda ya sayar maka da perkulo ya karɓi abinsa. Ka buɗe tagogi, kada ka bar ma'aikaci ya kwana a shago, kada mai ciki ta tsaya kan injin. Mai karɓar kaya kuma, babbar rigar da ta dawo tana wannan wari, a cire ledar a shanya ta a waje kafin ta shiga ɗaki.

Mai niyyar haƙa rijiya ko foraj, kafin ka kira masu haƙa, ka zaga unguwa ka tambayi dattawa me aka taɓa yi a filin. Tsohon gareji, tsohon sito na maganin gona, bola, wurin rini, duk a nisance su, kuma a haƙa ta sama da su, ba ta gangaren da ruwa ke bi ba. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓe da murfi. In kuna zargin ruwan unguwa, ku haɗu ku je ofishin tsabta na magajin gari ko cibiyar lafiya, ku nemi a nuna muku inda za a kai awo. Cibiyar Pasteur ma tana da reshe a Garwa, ana iya fara tambaya a can. Ku faɗi ƙarara cewa sinadari kuke zargi, domin awon ƙwayoyin cuta daban, na sinadari daban, kuma na biyun yana son kwalbar gilashi da aka cika maƙil ba kumfar iska, a sanyaya ta, a kai da wuri. In awo ya nuna akwai, a rufe rijiyar, a yi mata alama, a nemo wa mutane wani ruwan. Daga nan ne maganar katangar ƙarfe za ta taso, kuma aikin hukuma ne da injiniyoyi da jami'o'inmu na Ngaundare da Marwa da Garwa, ba aikin mai unguwa da buhun ƙusa ba.

Hukumomin kasuwa da na ƙananan hukumomi, raba jarkar abinci da ta sinadari a layin masu sayarwa bai fi ƙarfinku ba. Limamai, addinin da ya hana mutum ya yi bawali a ruwan da ke tsaye, me zai ce da wanda ya tuttula guba a ƙasar da unguwa guda ke sha daga cikinta? Huɗuba ɗaya a kan wannan za ta kai inda takardar gwamnati ba ta kaiwa.

Kai kuma mai yatsa a kan waya, da kai nake. Kafin ka tura saƙon magani, ka tambayi kanka wa ya faɗa, a ina aka gwada, nawa aka zuba, wa ya auna bayan an gama. In ba ka da amsa ko ɗaya, ka goge. In ka riga ka tura na ƙusa, ka koma duk zauren da ka jefa shi ka rubuta cewa ba haka ba ne, da sunanka, kamar yadda ka tura na farko da sunanka. Wani ya ɗauki maganarka ya aikata ta a kan 'ya'yansa, kuma alhakin yana wuyanka har sai ka warware.